Gayyar Jini a Tudun Kalwa

To, tunda kun sha fura kun miƙe ƙafa, rana kuma ba ta yi sanyin da za a koma gona ba, bari in ajiye muku wata magana a tsakiyar tabarma. Babu gizo a cikinta, babu ƙoƙi. Abin da nake so kawai, in na kai ƙarshe kowa ya faɗi nasa hukunci, kada wani ya sulale da sunan zai je ba akuya ruwa.

A wani gari da ake kira Tudun Kalwa an yi wata mata mai daddawa, Goggo Yalwa. Garin yana da kasuwar hatsi wadda manyan motoci ke zuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, kuma da wuya direba ya juya bai sayi daddawar Yalwa ta tsaraba ba. Ta haura sittin, amma ita ke dafa kalwarta, ita ke surfawa, ita ke sauke tukunya daga murhu ba ta ce a kama mata ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku. Babbar ita ce Tabawa, tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Na biyu Nomau, shugaban 'yan dakon kasuwar, bai taɓa zama a aji ba, amma in ya yi fito sau ɗaya mutum ɗari sun miƙe. Auta shi ne Lurwanu, shi ya yi karatu, yana aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin garin. Mutum ne shiru-shiru, sai ya juya magana sau biyu kafin ya sake ta.

Wata rana Goggo Yalwa ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Ta ɓoye shi wata biyu, kamar yadda iyayenmu mata suka saba, tana shafa man kaɗanya tana cewa zai baje. Bai baje ba. Da aka kai ta asibiti, babban likita, wani dattijo mai furfura da ake kira Likita Mamuda, ya duba ya ce ciwon daji ne, amma an zo da sauran lokaci. Aka yi mata aiki aka cire, wurin ya warke sumul. Sai likita ya zaunar da ita da 'ya'yanta ya ce, "Goggo, mun sare itace, saura saiwa. Akwai magani mai ƙarfi da za mu sa miki ta ƙarin ruwa har sau shida, shi zai ƙone abin da wuƙa ba ta gani ba. Kuma ba a so a daɗe ba a fara ba."

Sai dai maganin nan yana da hali. Ku da kuka taɓa sa wuta a gona kun san ba ta tambayar wace ce ciyawa, wace ce shuka. A cikin jinin mutum akwai wasu fararen ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke tare cuta idan ta shigo jiki, maganin kuwa yana cinye su tare da ciwon. In mutum ba shi da su da yawa tun farko aka ɗura masa, ƙaramin zazzaɓi na iya kai shi kabari. Saboda haka kafin a sa wa kowa, sai an ɗebi jininsa an ƙirga. A bangon ɗakin akwai takarda da aka kwafo daga wani babban littafi, an ja jan layi a kan dubu ɗaya da ɗari biyar. Adadin da ake nema ke nan a cikin ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba. Wanda ya haura layin a shiga da shi, wanda ya gaza a ce ya je gida ya dawo.

Aka ɗebi jinin Goggo Yalwa, kuma ɗanta Lurwanu ne ya gwada, tunda aikinsa ne. Dubu ɗaya da ɗari biyu. Da hannunsa ya rubuta ya miƙa. Likita ya ce ta je ta ci mai kyau, ta dawo bayan mako biyu. Ta ci hanta har ta gundure ta, ta ci zogale, ta sha nono, maƙwabta suka yi ta aiko da ƙwai da dabino. Ta dawo aka gwada, hamsin kawai ya ƙaru. Aka sake mayar da ita. A karo na uku ma ya koma dubu da ɗari biyu, kamar an dasa shi a wurin.

Abin ya ci wa Goggo Yalwa rai ƙwarai. Mutuwa ba ta ba ta tsoro sosai, ta daɗe da sanin cewa rai aro ne. Abin da ya fi ƙona mata zuciya shi ne ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, ta zauna a benci tun da safe, tana gani ana kiran waɗanda da ƙyar suke ɗaga ƙafa ana shiga da su, ita kuma da ta tako da kanta a ce ba ta da ƙarfin ɗaukar magani. In ta koma gida sai ta ɗora tukunyar kalwa don kada ta zauna ta yi kuka. A zuwa na uku ta lura fuskar likita ta canza. Ta gane kwanakin da ke wucewa asara ce, saiwar nan ba ta jiran kowa.

A ranar ne Nomau ya tare ƙanensa a zaure. Ya ce, "Kai, Auta. Ɗari uku fa ta rage. Biro na hannunka, ka ƙara mata mana. Wa zai sani?"

Lurwanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, in littafin nan gaskiya ya faɗa na ƙara, to da birona na kashe Inna. Ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Nomau ya ɗaga hannu, Allah ya sa ya tuna a gidan uwarsu yake, ya sauke. Kwana biyu ba su gaisa ba. Goggo Yalwa tana jin su daga tsakar gida, ta rasa wanda za ta ba gaskiya. Daga ƙarshe ta ce ita ta haƙura, ba za ta sake taka asibitin ba, abin da Allah ya rubuta shi zai faru.

To, ga abin da Tabawa ta yi.

Ta rufe keken ɗinkinta ta zo ta tsare Lurwanu. Ta ce, "Auta, ni ban yi boko ba, amma shekara talatin ina awo. In mace ta aiko mini da awon maƙwabciyarta na ɗinka, riga ta ƙi shiga, laifin jikinta ne? Wannan jan layin naku, wa aka auna aka ja shi?"

Lurwanu ya buɗe baki zai ce ai haka yake a littafi, sai ya ji wannan bai amsa tambayar ba. Shekara goma sha biyar yana aiki da layin nan, ko sau ɗaya abin bai taɓa zo masa a rai ba. Washegari ya ɗauko littafin ya bincika, ya ga a wata ƙasa mai sanyi aka buga shi, kuma mutanen can aka auna. Da ya faɗa wa Tabawa, sai ta tafa hannu ta ce, "Ka ji ba!" Nan take ta naɗe hannun riga ta ce a ɗebi nata jinin. Haihuwa bakwai ta yi, ko ruwa ba a taɓa ƙara mata ba. Aka gwada, sai ga dubu ɗaya da ɗari uku, ita ma tana ƙarƙashin layi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kafin azahar labari ya gama gari cewa Tabawa ma jininta ya lalace. Mijinta ya rikice, surukarta ta iso da rubutun sha a kwano, masu kawo ɗinki suka fara zuwa dubiya suna karɓe yadinsu cikin dabara. Tabawa ko a jikinta. Ta ɗauki takardarta da ta uwarta, ta je ta zauna a ƙofar ofishin Likita Mamuda. Aka ce yana tiyata, ta jira. Aka ce ya tashi, ta dawo washegari. A kwana na uku ya gaji da tsallake ƙafafunta ya ce ta shigo. Ta zayyana masa maganar awo tiryan-tiryan, yana saurare.

Da ta gama ya ce, "Malama, na taɓa karanta cewa mutanenmu da yawa haka jininsu yake, kuma lafiyarsu lau. Amma na taɓa rasa wata mata da na sa wa maganin nan jininta yana ƙasa, har yau ban manta fuskarta ba. Ke da mahaifiyarki gida ɗaya ne, wataƙila wani lahani kuka gada. Gida ɗaya ba gari ba ne. In da zan ga jinin gari, da na sake tunani."

Da wannan magana Tabawa ta koma gida. Ta durƙusa a gaban uwarta ta ce, "Inna, ba ke kika koya mini ba? In kalwa ba ta nuna ba, itace ake ƙarawa, ba a kifar da tukunya." Tsohuwa ta kau da kai, Tabawa ta ƙi tashi. Har inuwa ta bar wurin rana ta same su, sa'an nan Goggo Yalwa ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri. Na ji. Mako biyu na ba ku, ba ƙari."

Ga kuma abin da Nomau ya yi.

Da ya ji an ce gari, sai ya yi dariya, karo na farko cikin wata guda. Ya ce, "Gari kawai? Ai ƙasa zan kawo masa." Ya sa aka yi shela a kasuwa cewa Nomau yana gayya, amma kowa ya bar fartanyarsa a gida, hannu kawai ake so. Duk mai lafiya ya zo a ɗebi jininsa cikin cokali guda don a ceci uwar Nomau. Ranar farko mutum huɗu suka zo, biyu suka gudu da suka ga allura. Kun san halinmu. Nan da nan aka ce jinin sayarwa za a yi, wasu suka ce asiri za a haɗa da shi, wani ma ya rantse ya ga motar da za ta kwasa. 'Yan dakon da ke miƙewa in ya yi fito suka koma kewaye rumfarsa ta baya. Nomau ya ga girman da ya tara shekara ashirin yana zubewa a gabansa. Ya ji zafi ƙwarai, amma bai yi zuciya ba.

Sai ya tashi ya tafi rumfar Sarkin Aska, shugaban wanzaman kasuwa. Ya same shi ya jera wa wani ƙato ƙaho shida a gadon baya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah da ƙafarsa ya zo ka zuƙe masa jini cikin ƙoƙo, yana ta godiya. Ni cokali guda na roƙa, an watse an bar ni. Ina bambancin?"

Sarkin Aska ya ce, "Bambancin shi ne ni a gabansa nake haƙa rami in binne. Ya san inda jininsa ya kwana."

Nomau ya ce, "To, ka zo ka binne mana namu."

Haka kuwa aka yi. Da izinin likita aka kai teburin gwaji gefen rumfar wanzamai, aka haƙa rami a kusa. Sarkin Aska ya fara miƙa nasa hannun, kuma duk abin da ya saura bayan gwaji shi ke turbuɗewa a idon kowa. Nomau ya ɗauko makaɗin gangar noma, duk wanda ya naɗe hannun riga sai a zuba masa kirari kamar wanda ya riga kowa kai ƙarshen gona. Mutumin da jiya yake laɓewa a bayan buhu, yau ga shi yana ture na gabansa don a ambaci sunan kakansa.

Nomau bai tsaya kan 'yan gari ba, ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Yarbawa masu sayen wake, Ibo masu lodin masara, Tibi da suka kawo doya, Nufawa masu shinkafa, Barebari masu busasshen kifi, Fulani da matansu masu nono, har da wani Balarabe ɗan Labanan mai sayen riɗi, kowa Nomau ya san bakin da zai roƙe shi da shi. Akwai wanda Nomau ya taɓa tsare wa kaya ranar da ruwa ya kama su, akwai wanda ya taɓa raba shi da rigima, bai ambata ba, su ma ba su manta ba. Matan kasuwa kuwa ya bi ta hannun shugabarsu, aka kafa musu labule.

Gayya ba ta yiwuwa ba abinci. Goggo Yalwa, wadda takarda ta ce ba ta da ƙarfi, ita ta riƙa tuƙa tuwon dawa da miyar kuka kullum, ta hana kowa taɓa mata muciya. Rana ɗaya ta biyo masu kai abinci don ta gani da idonta. Ta tarar da layi har bakin rumfar masu barkono, rabinsu ba ta taɓa ganinsu ba, wasu ko Hausa ba sa ji sosai. Wata mai sayen wake ta kama hannunta ta ce, "Mama, Allah zai ba lafiya." Goggo Yalwa ta juya da sauri ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, alhali babu wuta a wurin. Ranar ta koma gida da farin ciki irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Cikin kwana goma sha biyu Nomau ya kawo mutum ɗari uku da sittin.

Ga kuma abin da Lurwanu ya yi.

Asibiti yana da injin da ke ƙirga jini, amma ruwan sinadarin da yake sha kaɗan ne, ba za a ƙarar da na marasa lafiya a kan masu lafiya ba. Sai Lurwanu ya ɗauki hutunsa na shekara, ya kakkaɓe wani tsohon madubi mai ƙara girman abu wanda aka daina aiki da shi, ya ce da ido zai ƙirga. Jini kuwa ba ya jira, na yau sai a yau. Kowane mutum sai ya shafa jininsa a ɗan gilashi, ya rina shi, ya kafa ido a madubi, yana latsa ɗan abin ƙirge irin wanda ake tasbihi da shi, ƙwaya ɗaya latsi ɗaya. Mutum talatin a wuni, daga fitowar rana har ta yi ja, ana kiɗa a kansa, ana shewa, ba ya tashi sai salla. A kwana na biyar idanunsa suka kaɗa suna zubar da ruwa. A na tara sai da ya riƙa rufe ɗaya da tafin hannu yana hutar da shi. Tun daga lokacin ya fara sa tabarau, bai kuma sake rabuwa da shi ba.

Kuma ba kowa ya karɓa ba. Mai mura, mai maruru, mai zazzaɓi, duk ya ce su ci tuwo su tafi, masu lafiya ake nema. Ya tambayi kowa shekarunsa da garinsu, yana shan taba ko ba ya sha, mace tana da ciki ko babu. Da aka fara samun waɗanda nasu ya yi sama sosai, Nomau ya matso ya raɗa masa cewa ya ajiye takardunsu gefe kada su ɓata aiki. Lurwanu bai ko ɗago daga madubi ba, ya ce duk abin da ya gani zai shiga, ko ya taimaki Inna ko bai taimake ta ba. Wannan karon Nomau bai ɗaga hannu ba, tsaki kawai ya ja ya wuce.

Da aka jera takardun sai ga abin kallo. Jinin mutane bai zo ɗaya ba. Na masu ciki ya hau, na mashaya taba ya hau. Na ɗan Labanan ya zauna daram a tsakiyar abin da littafi ya faɗa, har aka riƙa tsokanarsa cewa ashe shi aka auna. Amma yawancin 'yan ƙasa, na kudu da na arewa, nasu ya kwanta ƙasa da tsakiyar littafin, kuma mutum arba'in da ɗaya sun gaza jan layin gaba ɗaya. Babu ƙabilar da ba a samu irinsu a cikinta ba. Cikinsu har da Sarkin Aska kansa, da wata Bafulatana da ta tako tun daga ruga da ƙwarya a ka, da wani ɗan dako da ake kira Gagarau, wanda ke saɓa buhun masara a kafaɗa yana waƙa. Shi Nomau nasa ya haura layin da ƙyar, ya ce Allah ya rufa masa asiri.

Likita Mamuda ya zauna da takardun wuni guda. Ya zaɓi mutum goma cikin 'yan gari ya sa aka sake gwada su da inji, ƙirgen ya zo kusa da kusa. Sai ya cire tabaransa ya ce, "Da wani ne ya kawo mini wannan, da na ce son uwa ne ya rubuta. Amma wanda ya mayar da uwarsa gida sau uku da bironsa ba zai zo ya yi mini ƙarya yanzu ba."

Washegari Goggo Yalwa tana kan bencin nan sai ta ji an kira sunanta. Ta waiga tana neman wata Yalwar, sai da aka sake kira ta miƙe. Likita bai yi gaggawa ba. Ya riƙa auna ta da nata awon, yana sa ido kan zazzaɓi, sau ɗaya ma ya jinkirta mata da mako guda. Gashinta ya zube, abinci ya fita ranta, ta rame. Amma ta shanye shidan nan cur. Bayan shekara aka duba aka ce ba a ga komai ba. Gashi ya sake fitowa fari tas, ta koma kan tukunyarta, direbobi suka ce daddawar ta ma fi ta da ƙamshi.

Abin bai tsaya a kanta ba. Likita ya aika wa 'yan uwansa likitoci takardun, suka duba suka ƙara nasu, aka fitar da sabuwar takardar awo don asibitin da na ƙauyukan kewaye. Matan da a da za a mayar gida aka fara shiga da su. Wata ranar Laraba da la'asar sai ga Likita Mamuda ya yi sallama a gidan Goggo Yalwa. Ya same ta tana shanya daddawa, 'ya'yan nan uku suna zaune a inuwa suna musu kan abin da bai kai ya kawo ba. Bayan an gaisa an kawo ruwa, ya ce za a buga takardar a kafa a bango, kuma a samanta akwai gurbin suna guda. Da sunan za a riƙa kiranta, awon wane ko awon wance. Ya ce shi ya so a sa Yalwa.

Ta ce, "A'a, likita. Ni ciwo kawai na yi, ciwo kuwa ba aiki ba ne."

Ya ce to ta zaɓa cikin 'ya'yanta. Ta ce a sa duka ukun. Ya ce ko an rubuta uku, bakin mutane ɗaya zai ɗauka, wanda ya zo farko, gwamma ita ta zaɓa da a bar wa mai buga takarda.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Duk matar da za a shiga da ita ɗakin nan saboda takardar, ita da 'ya'yanta za su tambayi sunan wa ke sama, su yi masa addu'a, har bayan mai sunan ya kwanta dama. 'Ya'yan sun san haka sarai. Tabawa ta ce a ba Nomau, ai shi ya tara jama'a. Nomau ya ce a ba Auta, shi ya ba da idonsa. Lurwanu ya ce a ba Yaya Tabawa, in ba don tambayarta ba da har yau yana nan yana kallon jan layi. Amma uwa ta san 'ya'yanta. Ta ga kowannensu yana turawa da baki, idonsa kuwa yana kan takardar.

Ta dubi Tabawa. 'Yar fari ce, tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, sai dai ke, ko waccan. Ita ta ga abin da masu karatu ba su gani ba, ita ta zauna a ƙofar likita har ya buɗe, ita kuma ta hana uwarta zama a ɗaki jiran mutuwa. Sai dai tambaya ita kaɗai ba ta buɗe ɗakin magani ba.

Ta dubi Nomau, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya ɗora girmansa a kan tebur aka yi masa dariya, bai janye ba, har ya gano inda tsoron mutane yake ya cire shi. Ba don shi ba, da madubi ya zauna babu abin dubawa. Amma shi ne sau biyu ya so a karkatar da gaskiya, da an bi tasa da wataƙila an rasa komai.

Ta dubi Lurwanu da tabaransa. Shi ya mayar da ita gida sau uku, shi ya yi shekara goma sha biyar bai tambayi layin nan ba, kuma ta san abin yana cinsa har yanzu. Amma ba don idonsa da gaskiyarsa ba, da tambaya da gayya duk sun tashi a tutar babu.

Likita ya cire murfin biro yana jira. Kaji suka hau tabarmar daddawa babu mai kora. 

To, jama'a, ni a nan na ajiye. Kada wani ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na san wannan tun kafin a haife ku, gurbin suna dai guda ne. Mai tambaya, ko mai gayya, ko mai ƙirge? In ku ne Goggo Yalwa, 'ya'yanku uku sun zuba muku ido, sunan wa za ku ce a rubuta?